Tambayoyi da amsoshi kan sauya strcpy, strncpy da strlcpy a kanel ɗin Linux

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin 'yan'uwa ɗaliban kwamfuta na Jidda, Madina, Riyad da Zahran, da masu aikin gyaran direbobin na'urori a kamfanoni, idan suka fara taɓa lambar kanel da yaren C. Su strcpy, strncpy da strlcpy fankishin ne na kwafar jerin haruffa da aka daina so a kanel, ana sauya su da strscpy da makamantanta. Mun ɗauka mai karatu ya san yadda ake rubuta ƙaramar manhaja da C, ya kuma taɓa harhaɗa kanel ko da sau ɗaya.

Me strcpy ta yi da ake gudun ta haka?

A yaren C jerin haruffa ba ya ɗauke da tsawonsa. Alamar ƙarshensa kawai ita ce bayit ɗaya mai darajar sifili, wanda ake kira NUL. Ita strcpy tana kwafa ne daga tushe zuwa mazubi, wato wurin da aka ware a ƙwaƙwalwa don karɓar kwafin, har sai ta ci karo da wannan sifilin, kuma ba wanda ya gaya mata girman mazubin. Kamar mutum ne ya juye lita goma na zamzam a jarka mai cin lita biyar: abin da ya malala kan kayan da ke kusa zai zuba. A ƙwaƙwalwar kwamfuta kayan da ke kusa suna iya zama wani manuni (pointer), ko adadin tsawon wani abu, ko adireshin da fankishin zai koma idan ya gama. Wanda ya iya zaɓar abin da zai malala, ya iya karkatar da injin gaba ɗaya.

Matsalar ta daɗe. Tsutsar Morris ta watan Nuwamba 1988, wata manhaja mai yaɗa kanta ta intanet, ta shiga kwamfutoci ta irin wannan ƙofa, ta hanyar fankishin gets a cikin manhajar fingerd, kuma sai a ƙa'idar C11 aka cire gets daga yaren. A cikin kanel abin ya fi muni, domin babu wani na sama da zai kashe manhajar ya ceci sauran.

To ai strncpy tana karɓar girma. Ba ita ce maganin ba?

Nan ne yawancin mutane ke zamewa. Ba don tsaro aka yi strncpy ba. An yi ta ne don filaye masu tsayayyen faɗi, irin sunan fayil a tsohon Unix da yake da bayit 14 daidai, ko sunan ya cika su ko bai cika ba. Halayenta biyu daga can suka samo asali.

Na farko, idan tushen ya kai n ko ya wuce, ba ta sa sifilin ƙarshe. A ce mazubi bayit 8 ne, aka kwafa masa "Maiduguri" mai haruffa 9. Abin da zai zauna a ciki shi ne "Maidugur", babu sifili. Rubutun bai malala ba, gaskiya ne, amma duk wanda ya zo daga baya da strlen ko printk da %s zai wuce bango yana karanta abin da ba nasa ba, har sai ya dace da wani sifili. Ko kalmar "Katsina" mai haruffa 7 da ƙyar ta sha. "Damaturu" mai 8 ta riga ta faɗa ramin.

Na biyu, idan tushen gajere ne, tana cike duk ragowar mazubin da sifilai. Kwafar haruffa 5 zuwa mazubi mai bayit 4096 tana nufin rubuta sifili 4091. Wani lokaci ɓarnar lokaci ce kawai. Wani lokaci kuwa wannan cikon shi ne abin da lambar ta dogara a kansa ba tare da marubucinta ya faɗa ba, kuma za mu dawo kan wannan a ƙasa domin shi ne ya fi cizon masu sauyi.

Sannan abin da take mayarwa manuni ne zuwa mazubin da kai ka ba ta. Ba ta gaya maka ko ta yanke rubutun ko ba ta yanke ba.

Ita kuma strlcpy fa? Na ga ana yabon ta.

Ta cancanci yabo a zamaninta. Todd Miller da Theo de Raadt ne suka kawo ta a OpenBSD 2.4 a 1998. Tana sa sifilin ƙarshe koyaushe muddin girman ba sifili ba ne, kuma ba ta ciko. Laifinta yana wajen abin da take mayarwa: tsawon tushen gaba ɗaya. Don ta san wannan tsawon dole ta karanta tushen har ƙarshensa, ko da bayit 16 kawai ka nema. Idan tushen ba shi da sifili, misali ya fito daga na'ura ko daga fakitin da wani ya turo, za ta yi ta karatu har ta fita daga hurumi.

Akwai kuma kuskuren da take jawo mutane. Sai ka ga an rubuta len += strlcpy(buf + len, s, size - len) a cikin maimaitawa. Da zarar an yanke sau ɗaya, len ya wuce size, sai size - len ya juya ya zama ƙatuwar lamba tunda ba shi da alamar ragi, kuma kwafi na gaba ya tafi inda ya ga dama. An cire strlcpy daga kanel ɗin Linux a siga 6.8, a 2024, bayan an gama sauya duk masu kiran ta.

Mece ce strscpy take yi daban?

Ta shigo a Linux 4.3 a 2015, aikin Chris Metcalf. Tana kwafa har iyakar girman da ka ba ta, tana sa sifilin ƙarshe, ba ta karanta tushe fiye da wannan girman. Idan komai ya shiga, ta mayar da adadin haruffan da ta kwafa, ban da sifilin. Idan ta yanke, ko girman da ka bayar sifili ne, ta mayar da -E2BIG, lambar kuskure da ke ƙasa da sifili. Ba ta cike ragowar mazubi. Mai yin wannan ita ce strscpy_pad.

Daga siga 6.9 ana iya kiran ta da abubuwa biyu kawai, strscpy(dest, src), idan dest jeri ne da kwamfaila ke ganin girmansa. Idan manuni ka miƙa mata, harhaɗawar za ta tsaya da kuskure. Mun fi son wannan siffar duk inda ta yiwu, domin tana rufe wani tsohon rami: rubuta sizeof(dest) alhali dest manuni ne, wanda a injin mai bit 64 zai ba ka 8 komai girman abin da yake nunawa.

Ta yaya zan san wadda zan sa a madadin strncpy?

Kada ka fara da sunan fankishin. Fara da mazubin, ka bi shi ka ga su waye ke karanta shi daga baya. Tambaya uku za ka amsa kafin ka taɓa layin.

Shin masu karanta mazubin suna tsammanin sifilin ƙarshe? Idan ana miƙa shi ga strcmp, strlen, ko %s, to suna tsammani. Idan ana karanta shi da memcmp, ko da %.*s tare da tsawo, ko ana tura shi ga na'ura a fili mai tsayayyen faɗi, mai yiwuwa ba jerin haruffa ba ne sam. Irin wannan filin ana yi masa alamar __nonstring, a cika shi da strtomem ko strtomem_pad. Ta biyun tana karɓar abin da za a yi ciko da shi, domin wasu na'urorin, kamar filayen sunan kamfani a SCSI, da sarari ake cike su ba da sifili ba. Idan kuma daga irin wannan filin kake son fitar da jerin haruffa na gaske, akwai memtostr da memtostr_pad.

Shin ana bukatar ragowar mazubin ya zama sifilai? Idan amsar e ce kuma ba a riga an share shi ba, strscpy_pad. Idan an samo shi da kzalloc, mai ware wuri cike da sifilai, ko an rubuta = {} wajen ayyana shi, ko memset ta wuce ta kansa kuma ba a rubuta komai a ciki ba tun daga lokacin, strscpy ta wadatar.

Shin wani yana amfani da abin da aka mayar? Ba kasafai ake yi da strncpy ba, amma akan ga return strncpy(...) ko an cusa ta cikin wani kiran. Tunda strscpy lamba take mayarwa ba manuni ba, sai an raba layin biyu.

Me zai faru idan na sa strscpy a inda strscpy_pad ta kamata?

Lambar za ta harhaɗu lafiya, gwaji zai wuce, kuma ka buɗe ɓaraka. Duba wannan: an ayyana struct a kan sitak ba a share shi ba, yana da fili name mai bayit 32. An sa "eth0" a ciki, sannan aka tura struct ɗin dungurungum zuwa manhajar mai amfani da copy_to_user. Da strncpy, bayit 28 da suka rage sifilai ne. Da strscpy, na farkonsu ne kawai sifili, sauran 27 kuwa duk abin da sitak ɗin kanel ya bari ne a wurin, wataƙila guntun adireshin da zai taimaki mai hari ya gano inda kanel ya zauna a ƙwaƙwalwa. Manhajar da ta karɓa za ta buga "eth0" kamar kullum, don haka ba wanda zai lura.

Hukuncinmu a nan mai sauƙi ne: duk abin da zai fita daga kanel, ko zuwa manhajar mai amfani, ko kan waya, ko cikin faifai, ko ga firmware, a ɗauka yana bukatar ciko har sai ka nuna da hujja cewa an share shi. Haka ma idan ana kwatanta struct biyu da memcmp, ko ana lissafa musu hash. Shara a wutsiya za ta sa abu biyu masu suna ɗaya su ƙi daidaita.

Na ga strncpy(dest, src, sizeof(dest) - 1). In bar ragin ɗayan?

A'a, cire shi. An rage ɗayan ne don a bar wa sifili wuri, ita kuwa strscpy da kanta take ware wurin. Idan ka bar shi, sunan da ya cika mazubi daidai zai rasa harafinsa na ƙarshe. Layin dest[sizeof(dest) - 1] = '\0' da ke biye ma ya zama ba shi da aiki.

Idan na ga strncpy(dest, src, strlen(src)) ko an ba ta tsawon tushe fa?

Wannan memcpy ce ta sa rigar wani. Girman da aka bayar na tushe ne, bai kare mazubi daga komai ba, kuma sifili ba zai shiga ba. Idan tushen jerin haruffa ne na gaske, a sa strscpy da girman mazubi. Idan kuwa guntu ne ake yankowa daga tsakiyar wani abu mai tsawo len, kada ka yi dabarar strscpy(dest, src, len + 1), domin tana iya taɓa bayit ɗin da ke bayan guntun, wanda wataƙila ba naka ba ne. Ka tabbatar len ya gaza girman mazubi, ka yi memcpy, ka sa sifilin da hannunka. In sabon wuri za a ware, kmemdup_nul tana yin duka a kira ɗaya.

Rubutun Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa suna da wata matsala ta daban?

Suna da ita, kuma mu da ke aiki a Saudiyya mun fi kowa haɗuwa da ita. Duk waɗannan fankishin bayit suke ƙirgawa, ba harafi ba. A tsarin UTF-8 kowane harafin Larabci bayit 2 ne, haka ma ƙ da ɗ da ɓ. Kalmar "ɗanɗano" haruffa 7 ce amma bayit 9. Harafin ƙ shi ne C6 99, ɗ kuma C9 97.

Ɗauki sunan manhaja mai gudana, wanda kanel ke ajiyewa a fili mai bayit 16, wato 15 da sifili. A ce kantin da kake yi wa aiki ya sa wa manhajarsa suna المحاسبة, haruffa 8, bayit 16. Yankan zai faɗa tsakiyar harafin ƙarshe: D8 ta shiga, A9 ta tsaya a waje. Kanel bai ji komai ba, ƙwaƙwalwa ba ta lalace ba, strscpy ta yi aikinta daidai. Amma manhajar da ke tattara rahoto, idan tana da tsauri kan UTF-8, za ta ƙi layin ko ta nuna alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u. Saboda haka idan rubutun na idon mutane ne, duba -E2BIG ka yanke shawara: ko ka ƙi karɓar sunan, ko ka ja baya zuwa farkon harafin. Ja da bayan ba wuya: duk bayit ɗin da bit biyunsa na sama 10 ne, wato daga 80 zuwa BF, ci gaban harafi ne ba farkonsa ba.

Sunan wayfay misali ne na wani gefen. Iyakarsa bayit 32, kuma ba jerin haruffa ba ne: tare da tsawonsa yake tafiya, yana iya cika 32 ɗin babu sifili, yana ma iya ɗauke da sifili a tsakiya. Otal a Makka da ya rubuta sunansa da Larabci, haruffa 16 sun ishe shi cika filin. Wanda ya kwafa shi da strscpy zuwa mazubi mai 32 ya gutsure rabin harafin ƙarshe, sai na'urar ta yi ta neman sunan da babu shi alhali wayoyin alhazai duk sun haɗu. Da memcpy da tsawon ake ɗaukar sa.

Wajen sauya strlcpy a tsohuwar lamba, me zan kula da shi?

Direbobin da kamfanoni ke riƙewa a wajen babban kanel, waɗanda har yanzu da ita suke, suna ƙin harhaɗuwa a kan 6.8 zuwa sama. Inda ba a duba abin da ta mayar, sauya suna ya isa. Inda ake dubawa, gwajin yankewa if (strlcpy(d, s, n) >= n) zai koma if (strscpy(d, s, n) < 0). Kula da nau'in abin da kake ajiye sakamakon a ciki: ssize_t ko int, ba size_t ba, in ba haka ba gwajin ƙasa da sifili ba zai taɓa zama gaskiya ba. Kuma E2BIG lamba 7 ce, don haka len += strscpy(...) zai ja len baya da bakwai idan an yanke, rubutu na gaba ya hau kan na baya ko ya faɗa kafin farkon mazubi. Fankishin ɗin da a da yake mayar da tsawo ga mai kiransa yanzu yana iya mayar da kuskure. Bi mai kiran ka ga ko ya shirya wa hakan.

Su sprintf da strcat suna cikin wannan shara?

Suna ciki. sprintf ba ta san girma ba. snprintf ta sani, amma tana mayar da tsawon da rubutun zai kai da wuri ya isa, irin halin strlcpy. Idan kana tara tsawo, scnprintf ce ke mayar da abin da aka rubuta da gaske. A fayilolin sysfs ana amfani da sysfs_emit da sysfs_emit_at, waɗanda suka zo a 5.10 kuma sun san mazubin shafi ɗaya ne. Ita strncat yaudararta ta fi ta kowa: lambar da take karɓa adadin da za a ɗebo daga tushe ne, ba girman mazubi ba, sannan ta ƙara sifili a kai. Mai haɗa rubutu gaɓa-gaɓa ya koma ga seq_buf, wanda ke riƙe lissafin wurin da ya rage da kansa. Su simple_strtol kuma an fi son kstrtol da kstrtoint a madadinsu, domin su simple_strtol ba sa sanarwa idan lamba ta yi ambaliya.

strncpy_from_user ma zan sauya ta?

A'a. Sunan ne ya yi kama. Aikinta ɗauko rubutu daga ƙwaƙwalwar mai amfani, kuma strscpy ba ta da ikon taɓa wannan manunin. Ka dai tuna idan abin da ta mayar ya kai girman da ka ba ta, babu sifili a ƙarshe.

Zan iya rubuta sed, umarnin nema-da-sauya rubutu, in sauya duka a dare ɗaya?

Za ka iya, amma ba za a karɓa ba, kuma da gaskiyarsu. Tun ranar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya shigar da strscpy ya yi kashedi kan sauyi na jumla ba tare da nazari ba. Gaggawa aikin shaiɗan ce a nan. Yi amfani da git grep ko Coccinelle don nemo wuraren, amma hukuncin kowane wuri da ido ake yin sa. Jerin abubuwan da aka daina so yana cikin Documentation/process/deprecated.rst, kuma aikin kawar da su yana ƙarƙashin shirin kare kanel na KSPP da Kees Cook ya fara a 2015.

Yaya zan gwada facina, wato gyaran da na yi wa lambar, kafin in tura?

Harhaɗa fayil ɗin da make W=1, da GCC da kuma Clang in da hali. Tun GCC 8 akwai gargaɗin -Wstringop-truncation da ke kama wasu kurakuran strncpy. Kunna CONFIG_FORTIFY_SOURCE, wanda ke tsayar da kwafin da ya wuce girman da kwamfaila ta sani, da CONFIG_KASAN, wanda ke kama karatu da rubutu a wajen hurumi. Tada kanel ɗin a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ba a kan kwamfutar da aikin digirinka ke ciki ba. Gwada da rubutu mai tsawon girma ban da ɗaya, da mai tsawon girma daidai, da wanda ya wuce da ɗaya, da wanda babu komai a cikinsa, sannan da sunan Larabci da yankan zai faɗa tsakiyar harafi.

Bayan haka scripts/checkpatch.pl, sai scripts/get_maintainer.pl ya nuna maka waɗanda ke kula da fayil ɗin. Faci ɗaya ga direba ɗaya. A bayanin facin rubuta amsoshin tambayoyin nan uku a fili: mazubin yana bukatar sifili saboda wane layi, ciko ba dole ba ne saboda an ware shi da kzalloc a wane fankishin, ba a amfani da abin da aka mayar. Idan ba ka da na'urar, harhaɗawa kawai ka yi, faɗi haka.

Ni manhajar mai amfani nake rubutawa, ko direban Windows. Me zan yi?

strscpy ta kanel ɗin Linux ce kaɗai. A waje akwai strlcpy a BSD da macOS da musl, glibc kuma ta karɓe ta a siga 2.38 a 2023, sannan ta shiga POSIX na 2024. Tana da kyau muddin ka tabbata tushen yana da sifili. In injin tsoho ne, snprintf(d, n, "%s", s) tana aiki ko'ina, a duba ko sakamakon ya kai n. Kada ka dogara da strcpy_s a Linux, glibc ba ta da ita. Masu direban Windows su duba ntstrsafe.h, su lura da bambancin RtlStringCbCopy mai ƙirga bayit da RtlStringCchCopy mai ƙirga gurabun haruffa. A rubutu mai faɗi kowane gurbi bayit 2 ne, don haka wanda ya miƙa wa ta biyun sizeof ya gaya mata mazubin ya ninka girmansa na gaskiya.